Nan da shekara 20, da me 'ya'yanmu za su riƙa zirga-zirga a Kaduna?

MalaminTudunWada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da nake so mu tattauna a kanta, kuma ɗalibaina ne suka jawo ta. A makon jiya na ce wa 'yan aji 2 na ƙaramar sakandare kowa ya zana yadda yake ganin mutanen Kaduna za su riƙa zuwa kasuwa da makaranta da wurin aiki nan da shekara 20. Mafi yawansu mota mai fukafukai suka zana tana shawagi a saman gadar Kawo, wasu kuma suka zana jirgin ƙasa a kan ginshiƙai yana bin titin Ahmadu Bello. Wata yarinya da ke zuwa daga Rigasa ce kaɗai ta fita daban. Bas ta zana irin wadda muka sani, da rumfar jira da benci, sai wani babban agogo a jikin rumfar, ta kuma rubuta 7:10 a ƙarƙashinsa. Da na tambaye ta ma'anarsa, sai ta ce ita burinta ta san lokacin da mota za ta zo, domin ta gaji da tsayuwa a bakin titi tun da duku-duku, sannan ta iso makaranta a tsare ta a ƙofa saboda makara. Tun ranar zanen nan yake raina. To, ku manya, me kuke hangowa? Ina so in ji abin da kuke ganin zai yiwu da kuma abin da kuke fata, ko da biyun sun sha bamban.

AbuSadiq_Kawo:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ni a ganina zamanin fetur ya kama hanyar wucewa, ko mun so ko mun ƙi. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023 muna sayen lita ƙasa da naira 200, da aka sanar da janye tallafi cikin 'yan kwanaki ta kai 500, a 2024 kuma muka saye ta sama da 1,000. Ƙasar Habasha ma tun 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin hawa masu amfani da fetur da dizal. Abin da nake hangowa shi ne titin Ali Akilu cike da motoci da kekuna masu batir, babu hayaƙi, babu ƙarar inji.

Injiniya_Barnawa:
Ɗan'uwa Abu Sadiq, misalin Habasha da ka kawo gaskiya ne, amma ya kamata a faɗi abin da ya ba su ƙarfin gwiwa. Sun gina babbar madatsar ruwa a kan kogin Nilu da ke ba su lantarki mai arha, ga shi kuma kuɗin wajen da suke sayo mai da shi ya yi musu ƙaranci. Mu a nan ruwan kogin Kaduna da muke tsallakawa kullum shi ke juya injinan Shiroro mai megawat 600 da na Zungeru mai megawat 700 a jihar Neja, amma kowa ya san awa nawa wuta ke yi a unguwarsu. Cajin babbar mota sau ɗaya yana cin wutar da ƙaramin gida zai yi kwanaki yana amfani da ita, kuma idan motoci goma suka jona a layi ɗaya da daddare, taransifomar unguwa ba za ta ɗauka ba. Inda na yarda da kai shi ne wajen babur da keke Napep. Batirinsu ƙarami ne, kuma a Ruwanda da Kenya mai babur yakan shiga shago ya ajiye batirin da ya ƙare, ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna, ya biya kuɗin cajin kawai. Irin wannan shago ana iya ciyar da shi da hasken rana, matuƙar akwai mai share ƙurar hunturu daga kan faifan sola. Saboda haka ina ganin sauyin zai fara ne daga masu ƙafa biyu da masu ƙafa uku, manyan motoci su biyo baya.

MaiNapep_Rigasa:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Bari in yi magana a matsayin wanda yake riƙe da kan keke daga asuba zuwa bayan isha'i. Da can acaɓa nake yi, har zuwa 2014 da aka hana haya da babur a cikin gari. Na sayar da babur ɗina a wulaƙance, na yi watanni ina zaune, kafin wani bawan Allah ya ba ni keke ina kawo masa balas kowace yamma. Yanzu idan na fita, abin da na fara nema shi ne kuɗin mai, sannan balas, sannan tikitin ƙungiya, abin da ya rage shi ne na cefane. Rana takan faɗi ban taɓa na cefanen ba. Idan aka ce ga keken da zai rage mini kuɗin mai, kuma babu juyen baƙin mai babu wankin fulogi, ni ne na farko a layi. Tsorona guda ne. Duk lokacin da aka yi maganar gyara sufuri a garin nan, mu ake fara kora daga manyan tituna, ba a tambayarmu inda za mu nufa. Idan bas masu agogo suka zo, ko jirgin da yaran suka zana, ina makomar dubban magidantan da ke ci daga wannan sana'a?

UmmanHanifa:
Don Allah a fayyace mini wani abu. Wannan gas ɗin da ake sa wa motoci da kekuna, shi ne irin wanda muke girki da shi? Nakan ji tsoro idan na ga tukunya a ƙarƙashin kujerar da zan zauna da yara.

Bakanike_Panteka:
Hajiya, ba iri ɗaya ba ne, kuma tambayarki tana da muhimmanci. Na mota shi ake kira CNG, ana danna shi ne a cikin tukunya da ƙarfin da ya kai 200 a ma'aunin matsin iska da ake kira bar, wanda ya ninka na tukunyar girki sau da yawa. Shi ya sa tukunyarsa take da kauri da nauyi, kuma ba a yin ta da walda. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo, aka gano cewa tukunyar haɗin gida ce aka sa mata. Ina faɗin wannan ne a matsayin ɗan Panteka, inda muke alfahari da cewa babu ƙarfen da zai gagare mu: tukunyar CNG ba ta cikin abin da za mu ƙera a rumfa. Idan ta ainihi ce kuma ƙwararre ya ɗaura ta, hankalinki ya kwanta, domin iskar ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, idan ta yi yoyo sama take tashi. Matsalar da direbobi ke kuka da ita ita ce ƙarancin wuraren ɗura ta. Ana sa ran idan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, ya fara kawo gas, wannan zai yi sauƙi.

Sai kuma abin da ya shafe mu. Na koyi aiki a kan kafireto, da motoci masu injekta suka zo sai da na koma ɗalibi, yanzu kuma ba a taɓa mota sai an jona mata na'ura ta faɗi ciwonta. Mota mai batir ba ta da fistin, ba ta da ringi, ba ta da salansa. Ina da yara shida da iyayensu suka damƙa mini, kuma ina tambayar kaina ko abin da nake koya musu zai ciyar da su har tsufa. A Maiduguri akwai matasan da suka cire injin ƙananan bas suka mayar da su masu batir, to wannan aikin nake so yaranmu su iya.

TsohonMaaikacinReluwe:
'Ya'yana, ina karanta bayananku da jin daɗi. Ku ba ni dama in tuna muku cewa garin nan layin dogo ne ya haife shi. Layin da ya tashi daga Baro ya isa Kano a 1911, ta nan ya ratsa, kuma saboda layin jirgi da ruwan kogi Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Layin gabas da ya biyo ta Kafanchan ma a nan ya haɗe. Na yi shekaru ina aiki a kan wannan tsohon layi, kuma har gobe yana nan kwance a tsakiyar gari: ya taso daga Kakuri, ya tsallaka kogi, ya bi ta bayan babbar kasuwa, ya wuce har Rigachikun ya nufi Zariya. Sunan kasuwar Bakin Dogo kansa shaida ne. Duk garin da zai gina jirgin cikin gari, babbar wahalarsa samun hanya da biyan diyyar gidaje, mu kuwa kakanni sun bar mana hanyar. Abin da nake gani a mafarkina shi ne tarago huɗu ko biyar suna kai da kawowa tsakanin Sabon Tasha da Rigachikun, ma'aikaci ya hau da jakarsa, mai tumatir ta hau da kwandonta. Kuma yarinyar nan ta burge ni, domin a aikin jirgi agogo shi ne uban tafiya. Direba ba ya jiran tarago ya cika.

Alhaji_KasuwarGumi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina girmama ra'ayinka, amma bari in faɗi abin da mutane da yawa ke ɓoyewa. Ku tambayi duk wani saurayi a kasuwar nan burinsa, zai ce muku motar kansa. Ba girman kai ne ya kawo haka ba. Mai iyali yana so idan ciwo ya kama yaro da tsakar dare ya ɗauke shi ba tare da buga ƙofar maƙwabci ba, yana so ya kai iyalinsa biki ko gaisuwar rasuwa a Zariya cikin sutura. Mahaifina ƙaramin ma'aikaci ne, amma da bashin mota na ofis ya sayi Peugeot 504 sabuwa fil, wadda aka haɗa a nan Kakuri, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Ni makomar da nake so ita ce wadda malamin makaranta zai sake iya sayen sabuwar mota haɗin Kaduna, ko da gas take tafiya ko da batir, ya biya a hankali daga albashinsa. Ban yarda a ce talaka bas ce rabonsa har abada ba.

DalibarTsaraBirane:
Alhaji, da girmamawa, burin da ka faɗa halal ne, sai dai titi ba zai iya ɗaukarsa ba idan kowa ya cim ma sa a lokaci guda. Babbar bas ɗaya tana kwashe mutanen da za su cika ƙananan motoci masu yawa, kuma kowace mota tana bukatar wurin ajiya a gida da kasuwa da ofis. Abin da ake koya mana, kuma aka gani a manyan biranen duniya, shi ne idan aka faɗaɗa titi yakan yi sauƙi na ɗan lokaci, daga baya sababbin motoci su cike gurbin. Sabuwar gadar Kawo da aka buɗe a 2022 ta kawo sauƙi ƙwarai, haka gadar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa, amma garin yana ta miƙewa zuwa Millennium City da Rigachikun da Gonin Gora, alhali manyan ofisoshi da babbar kasuwa suna tsakiya. Ga kuma kogi ya raba garin biyu, duk mai tsallakawa sai ya bi ta 'yan gadoji ƙalilan. Legas ta ware wa bas layinta na musamman tun 2008, domin bas ɗin da ke maƙale a cunkoso tare da kowa ba za ta taɓa cika alƙawarin lokaci ba. Ina ganin Kaduna ta dace da wannan tsari fiye da garuruwa da yawa, saboda doguwa ce daga arewa zuwa kudu, layi ɗaya daga Kawo zuwa Sabon Tasha zai taɓa rayuwar mafi yawan jama'a. Kuma ga amsar tambayar mai Napep: babbar bas ba za ta shiga lungunan Rigasa ko Unguwar Mu'azu ba, keke ne zai kawo mata fasinja daga cikin unguwa.

Alhaji_KasuwarGumi:
'Yata, na ji bayaninki, kuma akwai hankali a ciki. Amma ban ga amsar maganar tsakar dare ba.

MaijinyaUnguwarRimi:
Alhaji, ni zan taɓa wannan, domin aikina ne. Ina aikin jinya, kuma ina yin kwanan asibiti. Na sha karɓar mace mai naƙuda da aka kawo a bayan kurkura ko a kan babur tsakanin mutum biyu, bayan an ɓata awa guda ana neman abin hawa. Wasu sun iso a makare, kuma ba na son tuna yadda ta ƙare. Ba kowane gida ne zai mallaki mota ba ko nan da shekara 50, amma kowace unguwa tana iya samun keke ko mota ɗaya ta ɗaukar marasa lafiya, da lambar waya da kowa ya sani, da direban da ake biya don ya kwana cikin shiri. Tun 2022 jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline suke tashi daga Pambeguwa suna kai magunguna da alluran rigakafi asibitocin karkara a jihar nan. Wato abin da yaran Malam suka zana yana tashi sama ya riga ya zo ta wata fuska. Sai dai jirgin yana kai magani ne inda majinyaciya take kwance, ita kuwa har yanzu sai ta nemi hanyar isa wurin. Sannan ina roƙon duk mai tsara bas ta gobe ya tuna da mata: wurin zama da ba a cusa mu tsakanin maza, fitila a wurin jira, da matakalar da mai ciki ko mai goyo za ta iya hawa.

DanAdamMaiKekenHannu:
Malama, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shan inna ta same ni tun ina ƙarami, da keken hannu nake zuwa shagona. Idan aka gina gadar masu tafiya a ƙasa da matakala zalla, an ce mini kada in tsallaka ke nan. Idan aka yi kwalbati aka bar shi a buɗe, ko aka yi gefen titi mai tudu babu gangara, dole in sauka cikin motoci. Masu keke da yawa ba sa tsaya mini, ba don mugunta ba, sai don naɗe kekena da ɗora shi zai ci musu lokaci. Ni ban damu da ko da me motar gobe za ta yi tafiya ba, ina so in shige ta da kaina ba tare da an ɗauke ni kamar kaya ba.

Direban_TasharMando:
Duk maganarku a cikin gari take, bari in fitar da ku waje kaɗan. Shekara 19 ina jigila tsakanin Kaduna da Abuja da Kano. Akwai lokacin da idan na wuce Kateri ko Rijana babu mai magana a motata sai salati. Da aka buɗe jirgin Rigasa zuwa Idu da ke Abuja a watan Yulin 2016, mai kilomita 186, manya da ƙanana suka koma can, mu muka rasa fasinja, amma ban ji haushi ba domin rai ya fi kuɗi. Sai ga harin ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane aka kwashe wasu zuwa daji, jirgin bai dawo aiki ba sai a watan Disamba. Ranar na gane cewa babu ƙarfen da zai tsare matafiyi idan dajin da yake ratsawa ba lafiya. Alhamdu lillahi yanzu an samu sauƙi, har hanyar Birnin Gwari ana bi. Abin da nake fata ga 'ya'yana shi ne su tashi daga Kaduna bayan magariba su nufi ko'ina ba tare da uwarsu ta kwana a kan sallaya ba. Idan aka gama layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021, tireloli da tankoki suka ragu a kan kwalta, hatsari ma zai ragu, titin kuma ya daɗe.

Matashi_UnguwarDosa:
Ina ganin akwai abin da iyayenmu ba su ambata ba, wato tafiyar da ba za a yi ba sam. Ni ina aikin zane a kwamfuta, waɗanda nake yi wa aiki suna Legas da Abuja, ban taɓa ganin wasunsu ido da ido ba. Yayata tana sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, mai babur ne ke kai wa masu saye. Takardun da da sai an je ofis an bi layi, yanzu wasunsu ta waya ake cikewa. Kuma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 masu keke da yawa suka fara karɓar taransifa. Ina hango ranar da yarinyar nan za ta duba waya ta ga inda bas take da mintunan da suka rage ta iso, ta biya da kati, babu rigimar canji.

UmmanHanifa:
Ƙanena, wannan ya yi wa mai aikin kwamfuta. Mai sayar da kayan miya, da birkila, da ɗalibi, da mai jinya, dole ƙafarsu ta taka titi. Kuma ba kowace uwa ce za ta iya saya wa 'yar aji 2 babbar waya ba, agogon jikin rumfa kowa yana ganinsa kyauta. Na gode wa Bakanike da bayanin tukunya.

Malam_Badarawa:
Ina mamakin yadda har yanzu babu wanda ya ambaci keken hawa, wanda iyayenmu ke kira basukur. Ma'aikatan masaƙun Kakuri da shi suke zuwa aiki, malamai da masinjoji ma haka. Ba ya shan mai, ba ya jiran wuta, gyaransa a ƙarƙashin bishiya ake yi. Na koma hawansa bayan tsadar mai, daga Badarawa zuwa wurin aikina, kuma lafiyata ta ƙaru. Abu biyu ke hana mutane: tsoron motoci, da ganin cewa hawan keke alamar talauci ce. A ƙasar Holan ministoci ma suna hawa. Idan aka ware masa gefen titi, aka dasa bishiyoyin darbejiya da maɗaci domin inuwa saboda zafin Maris da Afrilu, yaran sakandare da yawa ba za su bukaci jiran kowa ba.

MalaminTudunWada:
Na gode muku ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Amma bari in dawo da mu kan agogon nan, domin na lura kusan kowa ya yi maganar abin da zai tura motar, gas ko batir ko ƙafa, kaɗan ne irin su Baba da ɗalibar tsara birane suka taɓo lokaci. Ni ma na hau sababbin bas masu gas guda 100 da gwamnatin jiha ta kawo a 2025, kuma sun rage wa ma'aikata da ɗalibai nauyi sosai. Tambayata ga masu tuƙi ita ce: me ke hana motar haya tashi a kan lokaci? Shin abu ne da sai an sayo sabuwar na'ura, ko kuwa da abin da muke da shi ma zai yiwu?

MaiNapep_Rigasa:
Malam, amsar tana cikin aljihun direba. Kuɗina yana zuwa ne daga kan kowane fasinja, saboda haka idan na tashi da mutum biyu maimakon huɗu, man da zan ƙona ɗaya ne, asarar kuma tawa ce ni kaɗai. Shi ya sa muke lodi, shi ya sa mai bas yake tsayawa a kowace kwana yaron mota yana kiran Kasuwa, Kasuwa, har sai ta cika. Ba mu ƙi agogo ba. Ranar da aka ce za a biya ni bisa zuwa da dawowar da na yi, ko da kujera ta tafi babu kowa, wallahi ƙarfe 7:10 za ta same ni a bakin rumfar. Amma sai an samu wanda zai ɗauki nauyin kujerar da babu kowa, ko gwamnati, ko ƙungiya, ko kamfani.

TsohonMaaikacinReluwe:
Yaron nan ya faɗi gaskiya. Mu albashi ake biyanmu, shi ya sa muke iya tashi da tarago rabi. Sai dai in ƙara da cewa sayen abin hawa shi ne mai sauƙi, riƙe shi ne aiki. Na ga injina masu kyau sun zama kwanta-kwanta saboda rashin ƙaramin kayan gyara. Duk bas ɗin da aka kawo ba tare da garejinta da makanikanta da kuɗin tayarta na shekara biyar ba, ba za ta ga girman yarinyar nan ba.

Injiniya_Barnawa:
Baba, haka yake. Kuma akwai abin da za a iya gwadawa tun yanzu ba tare da jiran kowa ba. Iyayen yara 8 ko 12 a layi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki keke biyu ko uku na wata-wata, da sharaɗin lokaci. Wasu iyaye suna yin haka da 'yan firamare. Direba ya samu kuɗin da ya tabbata, yara su samu agogonsu.

Alhaji_KasuwarGumi:
Wannan dabara ce mai kyau ga mai albashi. Wanda yake samun na yau ya ci yau ba zai iya biyan wata gaba ɗaya ba, kuma irin waɗannan su ne suka fi yawa a Rigasa. Har yanzu ina kan bakana cewa arzikin jama'a ne zai gyara tafiyarsu. A farfaɗo da masaƙun Kakuri da matatar mai da aka buɗe a 1980, mutane su samu aiki, za ku ga kowa ya nemi abin hawan da ya dace da shi.

DalibarTsaraBirane:
Alhaji, idan masaƙun suka tashi, dubban ma'aikata za su bukaci tsallaka kogi a sa'a ɗaya kowace safiya, ka ga maganar layin bas da jirgin Baba ta ƙara ƙarfi ke nan. Malam, ina da roƙo. Ko za ka sa ɗalibanka su rubuta lokacin da suke barin gida, da lokacin da suke samun abin hawa, da lokacin da suke isa, da abin da suke biya, na tsawon mako biyu? Irin waɗannan alƙaluma ba su da yawa a hannun masu nazari, kuma ina so in yi amfani da su a aikina na ƙarshe idan hukumar makaranta da iyaye sun amince, ba tare da sunan kowane yaro ba.

MalaminTudunWada:
Zan gabatar wa shugaban makaranta da maganar ranar Litinin in sha Allahu, idan ya amince sai mu sanar da iyaye. Zan kuma karanta wa ajin amsar mai Napep, domin ina so yarinyar ta san dalilin da ya sa motar take jira.

DanAdamMaiKekenHannu:
Malam, idan za a yi, a ƙara tambaya ɗaya a takardar: ko akwai yaro a gidansu ko a layinsu da ya daina zuwa makaranta saboda ba ya iya kai kansa. Na san biyu a unguwarmu.